HAƘƘIN MALLAKA DA HAƘƘIN NEMAN ILMI: DOKOKIN DUNIYA A MA'AUNIN ƊALIBIN KANKIYA DA KUSADA



1. GABATARWA

Duk wanda ya buɗe littafin da aka buga a maɗaba'a, in ya juya shafin farko, zai tarar da wani ɗan gargaɗi cikin ƙananan haruffa, mai cewa ba a yarda a sake buga littafin ko a juyi wani sashe nasa ba sai da izinin mai shi. Akasarinmu mukan tsallake shi mu wuce. Amma kuwa a bayan wannan ɗan gargaɗi akwai yarjejeniyoyin da gwamnatocin duniya suka shafe fiye da shekara 130 suna jayayya a kansu, kuma sakamakon jayayyar shi ke yanke irin littafin da zai iso hannun ɗanmu, da harshen da zai iso da shi, da kuɗin da za a biya.

Abin da za mu duba a yau shi ne yadda aka yi waɗannan dokoki, da waɗanda suka yi su, da inda Nijeriya ta tsaya a cikinsu. Ma'aunin da za mu yi amfani da shi kuwa shi ne ƙasar Kankiya da Kusada. Dalili shi ne, ba a gane ingancin doka a birnin da aka rubuta ta, sai a garin da ta sauka. Idan dokar da aka ƙulla a Janeba ta yi wa ɗalibin Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya adalci, ta yi wa almajirin zaure a Kusada adalci, ta kuma tuna da makahon da ke son karatu, to, ta yi kyau. Idan ba ta yi ba, akwai sauran gyara.

Haƙƙoƙi biyu ne ke fuskantar juna a nan, kuma duka biyun namu ne. Sashe na 27 na Bayanin Haƙƙin Ɗan Adam wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 1948 ya haɗa su wuri guda: kowa yana da haƙƙin ya amfana da ilmi da al'adu, mawallafi kuma yana da haƙƙin a kiyaye masa sunansa da guminsa.

2. YADDA MAGABATA SUKA YI

Ƙasar Katsina ta san littafi tun kafin Turawa su san hanyar zuwa nan. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Jalaluddini Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da wasiƙar nasiha daga Misira. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina. A 1741 Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a gidan Shehu Hasan Aljabarti, bayan malaman Misira sun karɓi ilminsa. Duk wannan zirga-zirgar ilmi an yi ta ne ba tare da wata takardar izinin juyi ba.

Kada a ɗauka cewa ba su da ƙa'ida. Ƙa'idarsu ta tsaya a kan abu uku. Na farko, suna. Mai juyin littafi ba ya shafe sunan mawallafi, yakan ma ƙara nasa sunan a ƙarshe, da ranar da ya gama, ya roƙi addu'ar mai karatu. Mawaƙin ajami kuma yakan saka sunansa da ramzin shekara a baitocin ƙarshe. Na biyu, inganci. Ba ka karantar da littafi sai ka karanta shi a gaban malami ya ba ka ijaza, watau izinin da ke nuna daga wa ka karɓa, shi kuma daga wa ya karɓa. Na uku, juyi a buɗe yake. Almajiri yakan ari littafin malaminsa, ya sayi takarda, ya haɗa tawada, ya zauna wata da watanni yana juya. Ba wanda ya kira wannan sata, hasali ma ɓoye ilmi ne abin zargi. Malami kuwa abincinsa na fitowa daga gonarsa, da sadakar jama'a, da kyautar sarakuna da attajirai.

Wannan tsari ya yi aiki ne domin juyin hannu yana da wuya, kuma ba ya cinye kasuwar kowa. Da injin ɗab'i ya zo, sai lissafi ya sake. Mutum guda ya zuba jari ya buga kwafi dubu biyar, wani ya ɗauki guda ya sake bugawa ya karya farashi, na farko ya yi hasara, mawallafi ya tashi a tutar babu. Saboda haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce wadda shari'a ta kare, ba ya halatta a keta ta. Ke nan maganar haƙƙin mawallafi tana da gindin zama a wurinmu. Jayayyarmu tana kan iyakarsa ne da tsawon kwanansa.

3. DAGA LANDAN ZUWA BERN

Dokar farko ta haƙƙin mallaka irin ta zamani an yi ta a Ingila a 1710, zamanin Sarauniya Anne. Ta ba mawallafi shekara 14, in yana da rai a ƙara masa wasu 14, daga nan littafi ya zama na kowa. Manufar da aka rubuta a kanta ita ce ƙarfafa neman ilmi. Mu riƙe wannan adadi na 14, za mu dawo kansa.

Dokar kowace ƙasa a kan iyakarta take tsayawa, shi ya sa marubutan Turai, a ƙarƙashin ƙungiyar da Victor Hugo na Faransa ya jagoranta, suka nemi a yi yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa. A 1886 ƙasashe 10 suka sa hannu a birnin Bern na Suwizalan. Shekara guda ke nan bayan an tashi daga taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda aka shata ƙa'idojin rabon Afirka. Yarjejeniyar Bern ta ba kowace ƙasa mai mulkin mallaka damar shigar da ƙasashen da take mulka ba tare da an tambaye su ba. Ta irin wannan hanya dokar Ingila ta 1911 ta hau kan ƙasarmu a 1912, shekara 9 kacal bayan Turawa sun shiga Katsina, lokacin da ko Kwalejin Katsina ba a kafa ba.

Akwai abin lura game da Amurka. Muddin tana matsayin mai sayen littattafai daga waje, ba ta kare haƙƙin marubutan wasu ƙasashe ba. Maɗaba'unta sun yi ta buga littattafan Charles Dickens da araha ba tare da biyansa ba, jama'arta suka yi karatu suka ƙoshi. Sai a 1891 ta fara kare baƙi, da sharuɗɗa, kuma ba ta shiga Yarjejeniyar Bern ba sai 1989, bayan ta zama babbar mai sayar wa duniya littattafai da finafinai. Darasin a fili yake: kowace ƙasa takan auna dokar nan da bukatarta ta lokacin.

4. GWAGWARMAYAR ƘASASHE MASU TASOWA

Da ƙasashen Afirka da Asiya suka sami 'yanci, sai suka tarar makarantu na ƙaruwa, littattafan karatu kuwa kusan duk daga Landan da Faris suke zuwa. A taron Barazabil na 1963 ƙasashen Afirka suka nemi a sassauta. A taron Sitokholm na 1967, da Indiya a gaba, aka amince da wata ƙarin yarjejeniya wadda ta ba ƙasashe masu tasowa damar rage wa'adin haƙƙi zuwa shekara 25 bayan mutuwar mawallafi, da sauƙin fassara da juyi domin karantarwa. Kamfanonin ɗab'i na Ingila da wasu ƙasashe suka tayar da ƙura, manyan ƙasashe suka ƙi tabbatar da ita, ta mutu a kan takarda.

A madadinta aka yi Rataye na Faris a 1971, wanda har yau yake aiki. Ya kamata mu tsaya a kansa, domin ya shafi harshen Hausa kai tsaye. Ratayen ya ce ƙasa mai tasowa tana iya ba ɗanta lasisin tilas ya fassara littafin wani ko da mai shi bai yarda ba, a biya shi ladan da ya dace. In harshen da za a fassara zuwa gare shi ana amfani da shi a wata ƙasa mai arziki, kamar Ingilishi, sai an jira shekara 3 daga fitowar littafin. In kuwa harshe ne irin Hausa, shekara 1. Bayan haka sai mai nema ya nuna ya nemi mai littafin bai same shi ba ko ya hana, sa'an nan a sake jiran wata 6 ko 9. Game da sake buga littafin da ya yi tsada kuwa, jiran shekara 3 ne ga littattafan kimiyya da lissafi da fasaha, 7 ga adabi, 5 ga sauran. Ƙasar kuma sai ta sanar a hukumance, ta riƙa sabunta sanarwar duk shekara 10.

Sharaɗin da ya fi ɗaure mu shi ne hana fitar da littafin zuwa wata ƙasa. A ce wani malami a Kankiya ya bi duk matakan nan, ya fassara littafin ungozoma zuwa Hausa. Littafin na iya zuwa Legas, amma in ya bi ta Jibiya ya tsallaka zuwa Maraɗi an keta yarjejeniya, alhali Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Waɗanda suka rubuta Ratayen sun ɗauka kowane harshe yana da ƙasarsa guda. Hausa kuwa ana jin ta a Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Cadi da Sudan, kuma sai an haɗa kasuwar nan duka littafin fassara yake biyan kuɗin buga shi. Ba abin mamaki ba ne da ya kasance ƙasashe kaɗan ne suka taɓa cin moriyar wannan Rataye.

A 1994 al'amari ya ƙara tsauri. A birnin Marakash aka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a cikinta da yarjejeniyar TRIPS wadda ta mayar da haƙƙin mallaka maganar ciniki. A ƙarƙashinta, ƙasar da ta kasa cika ƙa'idojin Bern ana iya kai ta ƙara, har a ɗora wa kayanta haraji na ramuwa. Duk wani sassauci da ƙasa za ta yi wa makarantunta sai ya tsallake sharuɗɗa uku: ya kasance a wani hali na musamman, kada ya ci karo da kasuwar littafin, kada kuma ya cuci mai shi fiye da kima. Haƙƙin mai littafi an rubuta shi a matsayin wajibi a kan kowace ƙasa, sassaucin mai karatu kuwa an bar shi a matsayin ganin dama.

Duk da haka an sami nasarori. A 2004 Barazil da Ajantina suka gabatar da buƙatar a sa ci gaban ƙasashe matalauta a cikin ayyukan WIPO, watau hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mallakar fasaha, a 2007 aka amince da shawarwari 45. A ranar 27 ga Yuni 2013, a Marakash ɗin dai, aka ƙulla yarjejeniyar da ta wajabta wa ƙasashe su ƙyale a mayar da littattafai zuwa rubutun makafi ko murya ba da neman izini ba, a kuma aika da su daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta fara aiki a 2016. Wannan shi ne karo na farko da aka yi yarjejeniyar haƙƙin mallaka domin mai karatu. Ƙungiyar ƙasashen Afirka a WIPO ta daɗe tana neman a yi irin wannan domin ɗakunan karatu da makarantu da masu bincike, a 2023 kwamitin da ke kula da batun ya amince da jadawalin aikin da ta gabatar, amma ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka ba su goyi bayan yarjejeniya mai tilastawa ba.

5. MUTUM UKU NA ƘASAR KATSINA

Nijeriya ta yi dokarta ta farko a 1970, ta sake wata a 1988, ta shiga Yarjejeniyar Bern a 1993, ta tabbatar da ta Marakash a Oktoba 2017. Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 17 ga Maris 2023. Bern ta ce mafi ƙarancin wa'adi shi ne rayuwar mawallafi da shekara 50 bayansa. Nijeriya ta zaɓi shekara 70. Domin mu ga ma'anar wannan, bari mu ɗauki mutum uku da ƙasar nan ta sani.

Na farko, Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, an gina shi ne da labaran da aka ɗebo daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da hikayar aku ta ƙasar Hindu. Imam ya narka su ya zuba su a tukunyar Hausa har ba mai jin baƙuncinsu. Ya iya yin haka ne domin labaran sun riga sun zama gadon kowa. Ya rasu a 1981, saboda haka ayyukansa suna cikin kariya har ƙarshen 2051. Yaron da aka haifa a Kusada bana zai haura shekara ashirin kafin ya sami 'yancin yi wa Imam abin da Imam ya yi wa na gabansa.

Na biyu, Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, maƙwabciyar Kankiya, wanda ya rasu a 1999. Waƙoƙinsa suna cikin kariya har ƙarshen 2069. A nan matsalar ta juya fuska. Babu kasuwa ko tashar mota a ƙasar Hausa da ba a jin muryarsa, daga faifai zuwa kaset zuwa katin waya, ana turawa ana sayarwa, kuma kowa ya san mai tura waƙa a bakin kasuwa ba ya ware kason magada. Haka marubutan littattafan Kano da masu shirya finafinan Hausa suke kuka da satar fasaha. Wa'adin shekara 70 bai ƙara wa mawaƙi ko marubuci na gida kwabo ba, domin abin da ya rasa shi ne hanyar karɓar haƙƙinsa yau.

Na uku, Dokta Yusufu Bala Usman, shi ma ɗan Musawa, wanda ya yi babbar firamare a nan Kankiya kafin ya zama malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello. Littafinsa a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito da Ingilishi a Zariya a 1981. Ya tattara shi ne daga takardun malamai da bakin dattawan garuruwan nan. Ya rasu a 2005, kariya za ta kai ƙarshen 2075. Duk wanda ya so ya mayar wa jikokin dattawan nan tarihinsu cikin harshensu, sai ya nemi izinin masu haƙƙin, ko ya bi doguwar hanyar lasisin tilas.

Daga shekara 14 ta Sarauniya Anne zuwa rayuwa da shekara 70, tafiya ta yi nisa. Ƙarin shekara 20 da muka ɗora wa kanmu ba wata yarjejeniya da ta tilasta mana, kuma tun da mun fi sayen littattafai daga waje a kan sayarwa, ribar ƙarin ta fi tafiya waje.

6. TSADA, FOTOKWAFI DA WAYAR HANNU

Ɗalibin aikin lafiya yana bukatar littafin sassan jiki, da na magunguna, da na awon jini, akasarinsu bugun waje, farashinsu da dala ko fam. Daga 1960 zuwa 1997 gwamnatin Ingila ta riƙa tallafa wa bugu mai rahusa na ELBS, wanda manya a cikinmu suka yi karatu da shi, sa'an nan aka rufe shirin. Karyewar Naira daga 1986, da durƙushewar masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, sun mayar da littafi kayan masu hali. Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati a Mayu 2023 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Saboda haka ɗalibi ya koma ga injin fotokwafi, daga baya kuma ga littafin da aka tura masa a waya.

Shin ɓarawo ne? Kotunan Indiya sun fuskanci wannan tambaya. A 2012 maɗaba'un jami'o'in Okisfod da Kambirij da kamfanin Taylor & Francis suka kai ƙarar Jami'ar Delhi da wani shagon fotokwafi da ke harabarta, saboda haɗa wa ɗalibai babi-babi daga littattafai dabam-dabam. A Satumba 2016 babbar kotun Delhi ta ce juyi domin karantarwa yana cikin abin da dokar Indiya ta halatta, a Maris 2017 kamfanonin suka janye ƙarar. A Afirka ta Kudu kuma, a 2022, kotun tsarin mulki ta ce dokar da ta hana makafi mayar da littafi zuwa sigar da za su iya karantawa ta saɓa wa tsarin mulki.

Dokarmu ta 2022 ta buɗe ƙofofi masu kyau ta wannan fuska. Ta halatta amfani na adalci domin karatu da bincike da sharhi da makamantansu, a duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da tasirinsa a kasuwa. Ta ba ɗakunan karatu da gidajen adana tarihi damar juyi domin adanawa. Ta halatta yi wa makafi da sauran masu lalurar karatu kwafin da ya dace da su. Ta kuma soke duk wani sharaɗin kwangila da ya nemi hana abin da doka ta halatta. Amma akwai bambanci tsakanin malamin da ya juyi babi guda ya raba wa ajinsa, da ɗan kasuwar da ya buga littafi sukutum ya cika shago da shi. Na farko doka ta ba shi mafaka, na biyu laifi ne, kuma marubucin gida ya fi cutarwa.

Maganar makafi tana da nauyi na musamman a ƙasar Hausa. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙensa na Imfiraji makafi ne suka yaɗa su ƙofa-ƙofa da ka. Mutanen da suka riƙe mana adabi a ƙirjinsu su ne ɗab'i ya bari a baya. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne ake mayarwa sigar da makaho zai iya karantawa. Yanzu doka ta yarda a karanta littafin Hausa a naɗi murya a ba makaho a Kusada, a kuma aika wa ɗan'uwansa a wata ƙasar da ke cikin yarjejeniyar. Saura masu yi.

Akwai kuma kyauta irin ta shirin HINARI, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 domin ba makarantun ƙasashe matalauta mujallun likitanci ta intanet. Shiri ne mai amfani, sai dai yana rataye a kan yardar kamfanoni. A farkon 2011 wasu daga cikinsu suka janye mujallunsu daga Bangaladash, sai da aka yi ta kuka suka mayar. Abin da aka ba ka don alheri ana iya karɓewa, abin da doka ta ba ka kuwa naka ne.

7. ABIN DA YA KAMATA A YI

Na ɗaya, jami'o'inmu na jihar nan, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da Alƙalam a Katsina da ta Tarayya a Dutsin-ma, su rubuta wa malamai da ma'aikatan ɗakin karatu jagora a sauƙaƙe, da Hausa da Ingilishi, a kan abin da dokar 2022 ta halatta. A rashin tayi akan bar arha.

Na biyu, duk littafi ko binciken da aka yi da kuɗin gwamnati a sake shi da buɗaɗɗen lasisi irin na Creative Commons, wanda ya wajabta ambaton sunan mawallafi ya kuma halatta juyi da fassara. In an duba, wannan ita ce tsohuwar ƙa'idar zaurukanmu, suna a kiyaye, juyi a buɗe.

Na uku, a biya marubucin gida tun yana da rai. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su sayi haƙƙin muhimman littattafai daga masu su da magadansu a kan farashi na mutunci, a fassara, a raba wa makarantu. Hukumar Fassara da ta Talifi a Zariya, da NORLA daga 1953 zuwa 1959, sun nuna cewa hukuma na iya ɗaukar nauyin littafin Hausa.

Na huɗu, wakilan Nijeriya a Janeba su tsaya tare da sauran ƙasashen Afirka a kan neman yarjejeniya mai tilastawa domin makarantu da ɗakunan karatu, su kuma nemi a gyara hanin fitar da fassara, a yi la'akari da harsunan da iyakar mulkin mallaka ta ratsa. Kada kuma a karɓi wani ƙarin wa'adi a cikin wata yarjejeniyar ciniki.

Na biyar, takardun da ke cikin gafakokin gidajen malamai a Kusada da Kankiya da kewaye a ɗauki hotonsu kafin gara da ruwan sama su gama da su, bisa rubutacciyar yarjejeniya: asali ya zauna a gidansa, kwafi ya zauna a jami'ar gida, duk wanda ya yi amfani da shi kuma ya ambaci gidan da ya fito. Haka tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daɓe, waɗanda dokarmu ta sa a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, a tabbatar amfaninsu yana komawa ga al'ummar da ta haife su.

8. KAMMALAWA

Jama'a, mun ga cewa dokokin nan mutane ne suka yi su, a wasu shekaru sanannu, domin wasu bukatu sanannu, kuma an sha gyara su idan masu bukata suka haɗa kai, kamar yadda makafin duniya suka yi a 2013. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin da ke koyarwa a Kankiya, da ɗalibin da ke haɗa kuɗin fotokwafi, da marubuciyar da aka tura littafinta a waya ba ta sami ko sisi ba, su ne suka san inda dokar nan take yoyo. Aikin jami'a ne ta tattara wannan sani, ta rubuta shi da hujja, ta miƙa shi ga masu yin doka a Abuja da masu magana da yawunmu a Janeba.